Tsarabar da ba ta hau dutse ba

Shekara goma sha ɗaya na yi a bayan wata 'yar taga a tashar motar Adjamé a Abidjan ina yanka wa mutane tikitin zuwa garin Man, kuma har na bar aikin ƙafata ba ta taɓa taka Man ba. Mu a Treichville muke, gidan haya na haɗaka, ɗaki goma sha biyu famfo ɗaya. Kullum in na idar da sallar asuba sai in kama bas, mu haye gada, mu ratsa tsakiyar birni, mu zo Indénié mu tsaya cik kamar an dasa mu. In damina ce ruwa ya cika mararrabar, sai kowa ya sauka ya naɗe wando. Kafin in kai tagata na riga na gaji, ga shi aikin ma ba a fara ba. Tashar kuwa taɓo ce da hayaƙi da hayaniyar 'yan kamasho, kowa na jan hannun fasinjan wani. Ni dai nawa in zauna, in rubuta lambar kujera, in buga hatimi, in miƙa.

Masu zuwa Man iri-iri ne: 'yan goro, sojoji masu hutu, 'yan makaranta, da ma'aikatan da aka tura can suna tafe suna ƙunƙuni. Sai kuma masu yawon buɗe ido, yawanci turawa malaman makaranta, jaka a baya wuya ja wur, waɗanda suka zaɓi motar talakawa don su koma su ce sun ga ƙasa. Su ne ke tsaya mini a taga da tambayoyi, layi na ta tsawo a bayansu. Da yake na yi lakwal, wato boko, har Faransancina ya fi Hausata gudu, sai maigidanmu mai motocin ya ce ni zan riƙa ji da su. Na haddace jawabin kamar karatun allo. Akwai duwatsu goma sha takwas kewaye da garin. Akwai wani mai tsini da ake kira Haƙorin Man. Akwai ruwan da ke zubowa daga kan dutse cikin kurmin gora. Akwai gadojin da aka saƙa da igiyar daji a kan kogi, ba ƙusa ba katako, kuma ba a hawansu da takalmi. Akwai dodanni masu rawa a kan dogayen sanduna. Ina faɗa suna rubutawa, wasu har su ce da gani na san wurin ciki da bai. Ba na gyara musu. Duk wannan a bakin uwata na ji shi, tana tsintar shinkafa a ƙofar ɗakinmu.

Inna 'yar ƙabilar Yakuba ce, mutanen waɗannan duwatsun. Ƙauyensu na can saman wani dutse da mota ba ta kaiwa, sai an yi rabin yini ana hawa da ƙafa. Babana mutumin Adar ne daga Nijar, ya zo yankin sayen goro yana saurayi, ya gan ta a kasuwar gindin dutse tana sayar da shinkafa, ya yi ta zarya har aka ba shi. Ta musulunta, ya kawo ta Abidjan, ya ajiye ta cikin matan Hausawa da ke kiranta 'yar dutse, wani lokaci a gaban idonta. Sai ta ɗaura ɗamarar sai ta fi su. Ta koyi tuwon da ba gudaji, ta koyi dama fura, ta koyi gaisuwa mai tsawo, ta koyi kunyar ɗan fari har ta fi masu abin, don ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai kai, ko akawu in tana son tsokanata. Gida kuwa tun da ta baro shi ba ta koma ba. Babana kullum sai ya ce bayan kakar goro, bayan azumi, har ya rasu ina ajin ƙarshe. Uwarta na nan da rai a saman dutsen, ta tsufa tukuf, kuma ba abin da Inna ke so a duniya kamar ta ƙara ganinta.

Ba ta da yawan magana, amma in hirar dutse ta zo sai a bar mata fili. Takan ce ba don sha'awa kakanninsu suka hau can ba. Mayaƙa ne masu dawaki suka riƙa zuwa daga arewa suna kwasar mutane, sai aka lura doki ba ya hawan dutse, aka tattara aka koma inda ba ya kaiwa. Daga baya turawa suka zo da aikin dole, su kuma ba ruwansu da doki, ɗan sanda ɗaya da takarda ya isa, aka sauko da maza aka kai su sarar hanya. A can babanta ya baro lafiyarsa. Takan ce da safe gajimare na kwanciya a ƙasan ƙauyen, ka fito ka gan shi ƙarƙashin ƙafarka, kuma shinkafar da ake shukawa a jikin dutse in ana dafa ta maƙwabta ma sai sun sani. Gadar igiya kuwa, a kwana babu ita a tashi a gan ta, mace ba ta tambayar wanda ya yi. Na taɓa yi mata iyayin ɗan lakwal na ce ai mutane ne ke saƙawa. Ta ce ita ma ta sani, ba a dai faɗa ne.

Watan da na kama aiki na ji cewa maigidan kan bar wa ma'aikaci kujera ɗaya a shekara don iyayensa. Na zo gida na faɗa, don burga kawai. Ranar Lahadi da hantsi ina wanke rigata a bakin famfo sai ga Inna ta fito da ƙulli a hannu, ta ajiye a gabana.

"Akawu, gobe in bi ka gar, tashar nan taku, ka sa ni cikin mota."

"Ina za ki, Inna?"

"Ina zan tahi in ba gida ba?"

Na dubi ƙullin. Zanenta biyu ne, da sandar sabulu, da ɗan gishiri a leda. Ina da shekara ashirin da ɗaya, ga sabon agogo a hannu, ina jin duk Treichville ni take kallo. Na ce, "Haba Inna. Shekara ashirin da 'yan kai ba ki je ba, sai ki je da wannan? A ce ɗanki na aiki a Abidjan ya turo ki hannu rabbana?"

Matar malamin da ke ɗakin kusa da namu tana wanke kwanoni, kuma ba a taɓa magana a gidan nan ba ta sa baki ba. Ta ce, "Yaron nan ya fi ki gaskiya. Ganin gida ba a yin shi haka. Kowa sai an ba shi nashi, ko jinjiri ne, in ba haka ba ki bar abin faɗi har jikoki."

Inna ta dubi ƙullin da ke gabana. Da a ce Innar da ta baro dutse ce, da ta ɗauki ƙullinta ta wuce, amma wadda ta yi shekara ashirin tana gudun a ce ba ta san al'ada ba, ba za ta iya ba. Ta sunkuya ta kwance ƙullin a hankali, ta mai da zannuwan ɗaki, ta ce to, a tara. Ni kuma na ci gaba da wankina ina jin na yi abin manya.

Haka tarin tsaraba ya fara. Inna na sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida, ni ma in an yi albashi in ɗan taimaka, ita kuma duk mako sai ta shiga babbar kasuwar Treichville ta fito da abu ɗaya. Ba ta karatu, amma sunan kowa na kanta, har da waɗanda ba ta taɓa gani ba. Atamfa uku na tsohuwa uwarta, biyu na yayarta, riguna na 'yan'uwanta maza, sannan matansu, sannan 'ya'yansu. Kwanonin ƙarfe masu fure, fitilun ƙwai, takalman roba, sabulu, ashana. Aka sayi akwatin ƙarfe aka cika, aka sayi na biyu. Matar malam ta ce kuma ba a shiga gidan manya ba goro. Ranar Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce a garinsu goro faɗowa yake daga bishiya awaki na tattakawa. Duk da haka ta saya, ta naɗe a ganye tana yayyafa masa ruwa, har ya bushe aka zubar.

A layinmu akwai wani tsohon direba, ɗan ƙabilar Jula, mai haƙoran da goro ya rina. Shi ne igiyarmu da dutsen. In ya kai Man yakan ba wani mai sayen goro saƙo, shi kuma ya ba matan ƙauyen in sun sauko ranar kasuwa, amsa ta biyo wannan hanyar ta dawo bayan wata ɗaya ko biyu. Shekarar da akwati na biyu ya kusa cika, na ce masa ya gaya musu Inna na nan zuwa bayan girbin shinkafa. Amsa ta zo cewa an ji, an yi murna, kuma an haifi biyu an yi aure ɗaya. Inna ta zauna ta lissafa da yatsu, ta ce to tsaraba ba ta cika ba, ba za ta ba wata amarya ta hana wata ba. Aka ɗaga tafiya zuwa baɗi.

Baɗi ta zo da nata. Damshin Abidjan ya shiga akwatin ƙasa, zannuwa shida suka yi fumfuna, sai da aka sake. Shekarar da ta biyo baya ni ne na tashi aure, kayan lefe suka gaza, Inna da kanta ta buɗe akwati ta kwashi rabi ta ba ni, ni kuma na karɓa ban ko yi kara ba. Sai matata ta haihu, Inna ta ce ba ta barin mai jego ba mai dafa mata ruwan wanka. Wata shekarar ta lura atamfar matar ƙanenta ta fi ta matar wanta kyau, kuma wannan a ganinta ya isa ya raba gida. Kowace shekara dalilin na da ƙarfi in kana tsaye kusa da shi. Kuma kowace shekara, tun kafin dalilin ya ɓullo, na riga na aika cewa tana nan zuwa bayan girbi. Ba ƙarya nake ba, har zuciyata nake nufi. Kawai dai ban taɓa tunanin in sake aikawa in ce an fasa ba, ina ganin ai in ba su gan ta ba za su gane.

Direban nan ya taɓa tsayawa a tagata, ya jira layi ya ƙare, ya ce, "Akawu, a bar kayan nan, a sa tsohuwa a mota. Kujerar gaba, ni zan kai ta har gindin dutse." Na kai wa Inna maganar da yamma, na ce ko ta je haka nan, kaya su biyo baya. Ta dube ni ta ce, "Yanzu, bayan kowa ya ji ina tara kaya? Kai ka ce mutane za su yi magana." Ban sake tayar da zancen ba, kuma in faɗi gaskiya, na ji sauƙi da ta ƙi. Raka ta na nufin in roƙi hutu, in yi kwana biyu a mota, in hau dutse, alhali ni ko Lahadi ba ta isata barci. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Abokaina 'ya'yan alhazai ne da ke zuwa Nijar ganin dangi su dawo da kilishi, ni kuma kunya nake ji a san dangin uwata ba sa salla, suna da dodanni. Da rana ina tallar dodannin nan ga turawa da baki mai daɗi, da yamma in ƙi a tuna mini jinina ne.

Haka muka tafi, akwati ya zama uku, ya cinye rabin ɗakin Inna har sai da ta karkata gadonta. Gwiwoyinta suka fara ciwo. Hirar dutse ta ragu a bakinta, sai dai hirar wa ya samu wa bai samu ba. Wata baturiya da ta dawo daga Man ta ba ni hoton wata gadar igiya don ta ji daɗin bayanina, na kai wa Inna ina zaton za ta yi murna. Ta daɗe tana kallo, ta ce ba tasu ba ce, tasu ta fi wannan tsawo, ta miƙo mini ta koma kan ƙosanta.

A shekarata ta tara a tasha, wata Talata da hantsi, motar da ta kwana a hanya ta shigo. Ina cikin rubutu sai direban ya ƙwanƙwasa katakon tagar ya ce, "Rufe nan ka fito. Ga yayar uwarka." Wata 'yar tsohuwa ce a bayansa, ƙanƙanuwa, bayanta a tanƙware, da ƙulli ɗaya a ka wanda bai fi na Inna na waccan Lahadin ba. Fuskar Inna ce sak, sai dai rana ta ci ta. Direban ya ce tun daga Man yake tambayarta lafiya, ta ce maganar da ta kawo ba a ba direba ita. Na durƙusa na gaishe ta da Julancin tasha, ta amsa da nata na kasuwa, ta kama haɓata ta juya fuskata hagu da dama, ta saki. A cikin bas ba ta kalli dogayen benaye ba ko sau ɗaya. Da muka hau gadar Treichville ta ga ruwa a ƙasa, sai ta sunkuya ta cire takalmanta ta riƙe a cinya har muka sauka.

Inna na kwashe kaskon ƙosai muka shigo. Ta miƙe da matsami a hannu. Ba su rungumi juna ba. Iya, haka na kira ta tun ranar, ta zauna a ƙasa ta nemi ruwa, ta sha, ta ajiye kofin, sannan ta yi magana da yarensu, gajeriya. Ban ji kalma ɗaya ba, amma ban buƙaci fassara ba. Tsohuwa ta rasu, daga baya na ji an yi kwana arba'in da wani abu da binne ta. Ban taɓa jin Inna ta yi kuka da yarenta ba sai ranar. Matan gidan suka taru, suka rasa irin addu'ar da za su yi wa wadda ba ta salla, sai kowace ta ce Allah ya ba da haƙuri ta zauna. Matar malam ta dafa mana tuwo kwana uku.

Rana ta huɗu da safe, kafin in fita, Inna ta ce in jawo mata akwatunan. Ina jin so take yayarta ta gani da idonta cewa ba mantawa ta yi ba. Ta buɗe, ta riƙa fitarwa tana jerawa a kan tabarma, kowane abu ta kira sunan mai shi. Iya na zaune ta miƙe ƙafa. Wani sunan ta kaɗa kai, wani ta yi nuni da ƙasa, alamar ya rasu, wani ta yi nuni da nesa, alamar ya bar dutsen. Takalman da aka saya wa jarirai, masu su yanzu suna zuwa gona. Da aka zo kan atamfa ukun tsohuwa, Inna ta kasa kiran suna, ta ɗora su a cinyarta kawai.

Sai Iya ta juyo gare ni, ta bar yarensu ta koma Julanci, kuma na san don in ji ne.

"Kai ne mai aiko da saƙo?"

"Ni ne, Iya."

"Duk shekarar da saƙonka ya zo, in an gama girbi sai tsohuwa ta ce 'yarta ta zama 'yar birni, ƙafarta ba za ta iya dutse ba, a sauko da ita ta tarbe ta a ƙasa. Ita kuma ta daɗe da daina tafiya. Goya ta nake. Mu sauko, mu sauka a gidan mutane a bakin kasuwa, kwana biyar, kwana bakwai, tana zaune tana kallon kowace mota. In shinkafar da muka zo da ita ta ƙare, in goya ta mu koma."

Inna ta tambaya sau nawa. Iya ta ɗaga hannu ɗaya a buɗe, ta ƙara yatsu biyu.

"Ba ta taɓa tambayar abin da za ki kawo ba," in ji Iya. "Tambayarta ɗaya ce, ko kin yi furfura."

Ba da faɗa take magana ba, kamar mai ba da labarin ruwan sama ne. Inna ta tura mata kayan da ke kan tabarma, ta ce ko yanzu ta tafi da su, na masu rai ne. Iya ta dubi akwatunan nan uku, ta dubi tulin da ke gabanta, ta girgiza kai.

"Na goyi uwarki sau bakwai. Akwatinki kuma ki nemi mai ɗauka."

Na tsaya a bakin ƙofa ina jira ɗayarsu ta zage ni, wallahi da an zage ni da na ji sauƙi, amma ba wadda ta ko dube ni. Inna ta ajiye atamfofin, ta dafa bango ta miƙe, ta fita ta hura gawayi ta ɗora tukunyar ruwa. Da ya yi zafi ta kawo shi a bokiti da tsumma, ta sa yayarta ta kwanta rub da ciki a kan tabarma, cikin kwanoni da takalma, ta zame mata zane zuwa ƙugu. Sai a lokacin na ga bayan, ƙashi ne zalla, ya karkace gefe ɗaya. Inna ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta tsoma tsumman ta matse, ta fara gasa mata.

Lokacin fitata ya wuce, ban san me zan ce ba, kuma ban iya tafiya ban ce komai ba. Na ce, "Inna, in Iya ta tashi komawa, in yanka muku tikiti biyu?"

Ba ta ɗago ba. Ta sake tsoma tsumman a ruwa.

"Guda za ka yanka. Ka ba ta kujerar da ke da wurin jingina."